Darasi na Takwas: Zaɓe da Sayen Firiji Domin Amfanin Gida

8.0 Gabatarwa

Wannan darasi yana cikin jerin darussan rubutun bayani, inda akan ɗauko wani al'amari na rayuwar yau da kullum a fayyace shi da daidaitacciyar Hausa. Abin da aka ɗauko a nan shi ne firiji, wato na'urar sanyaya abinci da abin sha. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana yadda firiji yake aiki, ya faɗi abubuwan da ake dubawa kafin a saye shi, ya kuma yi amfani da keɓaɓɓun kalmomin fannin a wuraren da suka dace.

Firiji yana cikin kayan gida masu tsada. Ƙaramin ma'aikaci yakan yi watanni yana tari kafin ya mallake shi, uba yakan sa shi cikin kayan ɗakin 'yarsa, mace kuma takan kwashi adashinta ta saye shi domin sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. Duk wanda ya yi kuskuren zaɓe a cikin waɗannan, to zai zauna da kuskurensa shekara da shekaru. Yawancin masu saye launi da tsayi da yawan ƙofofi suke fara dubawa, alhali kuwa a ƙasar Hausa abubuwa biyu ne suke yanke hukunci a kan firiji: wutar da gidan yake samu, da zafin garin da gidan yake.

8.1 Kalmar "Firiji" da Abin da Ya Gabace Ta

An aro kalmar firiji ne daga Ingilishi. Da yake tsarin gaɓar Hausa bai yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, sai aka saka wasalin "i" tsakanin "f" da "r", aka kuma ƙara wani wasalin a ƙarshe, kamar dai yadda aka yi wa burodi da direba. Wasu sukan taƙaita su ce firji. Hausawan Jamhuriyar Nijar kuwa firigo suke cewa, domin su daga Faransanci suka aro. Kalmar firiji namiji ce, shi ya sa ake cewa "firijin nan sabo ne", amma 'yar'uwarta firiza, wato wadda take daskarar da abu, jinsin mace ta ɗauka saboda wasalin "a" da ta ƙare da shi, don haka "firizar nan sabuwa ce". Ɗalibai da dama sukan gauraya jinsin kalmomin biyu a rubutu, ya kamata malami ya sa ido a nan.

Tun kafin zuwan na'urar Bahaushe yana da dabarunsa. Randa da tulu suna sanyaya ruwa saboda jikinsu yana tsattsafo, iska kuma tana busar da damshin, ta tafi da zafi. Nama akan yi kilishinsa ko dambu ko a soya shi ƙarau, tumatir a mayar da shi kauɗa, kuɓewa a shanya ta. A kan hikimar randa ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya. Akan saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. An ruwaito cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 yakan kai kwana 27 a cikinta, kuma wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ba ta daskarar da nama, ba ta kuma aiki sosai da damina lokacin da iska take da laima, amma ga gidan da ba wuta ko kaɗan ta fi firijin da zai zama kabad ɗin ajiye kwanuka.

8.2 Yadda Firiji Yake Aiki

Firiji ba ya ƙirƙirar sanyi. Aikinsa shi ne kwashe zafi daga cikinsa ya zubar a waje. Akwai wani sinadari da masu gyara suke kira gas, wanda yake zagayawa cikin siraran bututai. Injin da yake can ƙasa ta baya, wato kwamfiresa, shi yake matse gas ɗin har ya yi zafi, ya tura shi cikin bututan baya ko na gefe, inda zafin yake fita, gas ɗin ya zama ruwa. Daga nan sai ya bi ta wata matsattsiyar hanya ya shiga bututan ciki, ya sake komawa iska, yana zuƙe zafin abincin da aka ajiye. Haka zai yi ta zagayawa.

Daga wannan bayani za a fahimci dalilin da ya sa jikin firiji yake ɗumi, da dalilin da ya sa ba a manna shi da bango, ba a kuma ajiye shi kusa da murhu ko inda rana take bugawa. Sanyin da ake buƙata a ɓangaren abinci shi ne digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka kaɗan, a ɓangaren daskarewa kuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Sanyi yana rage saurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya kashe su. Ke nan miyar da ta riga ta soma tsami, firiji ba zai dawo da ita ba.

8.3 Wutar Gida

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin. Har yau jama'a Nepa suke cewa, ko da yake an rushe hukumar ta koma PHCN a 2005, sannan aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013. Daga 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, rukunin E kuma sa'a 4. Wannan alkawari ne a takarda. Mai niyyar saye ya fi kowa sanin abin da unguwarsa take samu, kuma zai kyautu ya yi mako biyu yana rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kafin ya doshi kasuwa.

Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙiyasta cewa idan aka ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe abinci lafiya na kimanin sa'a 4, firizar da take cike maƙil takan kai sa'a 48, wadda take rabi kuwa sa'a 24. A ɗakin da yake da zafi irin na watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ba za a kai haka ba. Wannan lissafi shi kaɗai ya isa ya nuna cewa gidan da yake samun wuta sa'a 5 ko 6 a rana ba dogon firiji mai ƙofa biyu ya dace da shi ba. Abin da ya dace da shi firiza ce ta kwance, mai murfi a sama kamar akwati. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka idan aka buɗe firiji na tsaye sai sanyin ya kwararo ƙasa ya fice, amma a ta kwance zaune yake a ciki kamar ruwa a randa. Daɗin daɗawa, bangonta ya fi kauri. Mata masu sana'ar ƙanƙara sun daɗe da gano haka ba tare da an koya musu a aji ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin firiji mai tara ƙanƙara a jikinsa da wanda ba ya tarawa. Na biyun ya fi tsabta, ba a kuma wahalar kankare shi, to amma yana da fanka da abin ɗumamawa a ciki, don haka ya fi cin wuta, ya fi yawan sassan da za su iya lalacewa. Na farkon kuwa ƙanƙarar da take jikinsa takan taimaka wajen riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta, muddin ba ta yi kaurin da zai hana shi aiki ba. Masu dabara sukan cika gorunan roba da ruwa su bar su su daskare a ciki domin wannan dalili.

Rashin wuta yana lalata abinci, wuta marar ƙarfi kuwa firijin kansa take lalatawa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan takan faɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kwamfiresa tana jan wuta ninki da yawa a daidai lokacin da za ta tashi. Idan wutar ba ta kai ba, sai ta yi ta yunƙuri tana ɗaukar zafi har ta ƙone, ita ce kuwa mafi tsada a jikin firiji. Saboda haka kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin firiji, kuma a nemi wadda take jinkirta ba da wuta na 'yan mintoci bayan an dawo da ita, domin kwamfiresa tana buƙatar wannan hutu kafin ta sake tashi. Wannan jan wuta na farko ne kuma yake sa ƙaramin janareta ya shaƙe da zarar an haɗa masa firiji, ko da kuwa a lissafi ƙarfinsa ya isa. Sababbin firijoji masu kwamfiresar inbata sun rage wannan matsala, don a hankali suke tashi, suna ƙara gudu ko ragewa gwargwadon buƙata. Sun fi dacewa da gidan da yake amfani da sola. Aibinsu shi ne suna da allon lantarki mai saurin lalacewa idan wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima, kuma ba kowane mai gyara na unguwa ne ya san kansa ba.

A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta. Babu firizar da za ta jure wannan. Shi ya sa bai kamata a jibge naman layya duka a cikinta a dogara da ita kaɗai ba, a soya wani, a raba wani, kamar yadda aka gada.

8.4 Zafin Gari

Kowane firiji yana ɗauke da wata 'yar takarda ko faranti, a bayansa ko a cikinsa, mai bayanin ƙirarsa. Kaɗan ne cikin masu saye suke karanta ta, alhali ta fi bakin mai shago gaskiya. A jikinta akan sami haruffan da suke nuna iyakar zafin ɗakin da aka ƙera firijin ya yi aiki a ciki. Mai alamar SN ko N iyakarsa digiri 32, mai ST digiri 38, mai T kuwa digiri 43. Da bazara zafin Kano da Katsina da Damagaram yakan wuce digiri 40, ɗakin girki mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi. Ke nan mai alamar T ne na ƙasar Hausa. Mai alamar N domin ƙasashe masu sanyi aka yi shi. Idan aka kawo shi nan zai yi ta aiki ba hutu, ya ci wuta, ya kasa sanyaya ruwa yadda ake so, ya kuma mutu kafin lokacinsa.

A kan takardar ne kuma za a ga ƙarfin wutar da yake buƙata. Wanda aka yi domin Amurka bolt 120 yake sha, haɗa shi da wutar nan kai tsaye ƙona shi ne.

8.5 Girma da Cin Wuta

Da lita ake auna cikin firiji. Mai lita 90 zuwa 100 ya ishi ɗalibi ko gwauro, mai lita 200 zuwa 300 ya ishi matsakaicin iyali. Gidan da ake cefane kullum ba ya buƙatar girman da gidan da ake sayayyar wata yake buƙata. A auna faɗin ƙofar ɗaki da ta soro kafin a fita, domin an sha ganin firiji ya iso gida ya ƙi shiga.

Mai mitar kati ya kamata ya duba yawan yunit ɗin da firijin yake ci a shekara, wanda akan rubuta a takardar da take manne a ƙofarsa. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A ɗauka, alal misali, wani firiji yana cin yunit 300 a shekara, wani kuma 600. A wancan farashi na farko zai ci naira 67,500, na biyu naira 135,000. Cikin shekara 10 bambancin ya kai naira 675,000. Wannan kuɗi ne da ba a ambata a wurin ciniki, amma mai gida ne zai biya shi.

8.6 Sabo ko Na Hannu

Firijin da aka yi amfani da shi a Turai aka kawo, wanda 'yan kasuwa suke kira Beljiyom, yana da farin jini saboda sauƙin kuɗi, akwai kuma masu ganin ya fi sabo ƙarko. Gaskiya ne a cikinsu akan dace da mai ƙarfen kirki. Amma akasarinsu masu alamar N ne ko SN, robar bakin ƙofarsu ta saki, ba su da garanti, kuma tsofaffin ƙira sun fi na yanzu cin wuta. Mafi tsufa a cikinsu suna amfani da gas mai suna R12, wanda yake lalata rufin ozon da yake kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ta tsara daina sarrafa shi, wa'adin ƙasashe masu tasowa kuma ya cika a 2010. Ƙasar Ghana ta hana shigo da tsofaffin firijoji tun 2013, musamman saboda yawan wutar da suke ci.

Firijojin gida na yanzu da R134a ko R600a suke aiki. Na biyun ya fi sauƙin cin wuta, illarsa ga yanayi kuma kaɗan ce, sai dai yana kamawa da wuta. Don haka kada a kuskura a sa wuƙa ko sukudireba a kankare ƙanƙara, gudun huda bututu, kada kuma a bar mai gyara ya ɗura wani gas daban da wanda aka rubuta a jikin firijin. Bahaushe ya ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ga wanda zai iya ƙara haƙurin 'yan watanni, ƙaramin firiji sabo mai garanti ya fi babban na hannu.

8.7 A Shago da Bayan An Kai Gida

A manyan kasuwanni irin su Sabon Gari ta Kano akan sami sunaye da yawa, kamar Haier Thermocool da LG da Hisense da Scanfrost da Samsung. Suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai masu liƙa tambarin babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko kamfanin yana da wurin gyara a garin mai saye, ko kuma ana samun kayan gyaransa. A sa a buɗe kwali a gaban mai saye, a gwada lambar da take jikin firiji da wadda take kan kwali da katin garanti, a haɗa shi da wuta a saurari ƙararsa. Robar ƙofa akan gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, idan ta zame cikin sauƙi to sanyi zai riƙa zurarewa. Garantin kwamfiresa yakan fi na sauran jiki tsawo, don haka idan mai shago ya ce "shekara goma", a tambaye shi shekara goman me.

Rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar firiji shi ne makamin mai saye. Ciniki na baka da "ai mun saba" ba ya tsayawa a gaban hukuma. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar kai ƙara idan aka sayar masa da kaya mai aibi, kuma abin da za a fara tambayarsa shi ne shaidar saye.

A tsaye ake ɗaukar firiji. Idan larura ta sa an kwantar da shi a mota ko a-daidaita-sahu, man kwamfiresa yakan gangara cikin bututai, sai a bar shi a tsaye kwana guda kafin a kunna. Ko a tsaye aka kawo shi, a ba shi 'yan sa'o'i. A ajiye shi a ƙasa mai daidai, a bar tazara tsakaninsa da bango, a ba shi soket nasa shi kaɗai, a bar shi ya yi sanyi tukuna sannan a zuba kaya. Ba a sa abinci da zafinsa, ɗanyen nama kuma a ƙasa ake ajiye shi cikin rufaffen mazubi don kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffen abinci. Doya da dankali da albasa da ayaba ba sa son firiji. Gidan da yake da mai ciwon sukari, allurar insulin tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, idan kuwa ta daskare ta lalace, saboda haka firiza ta kwance ba za ta maye gurbin firiji a irin wannan gida ba.

8.8 Jinga

1. Yi bayanin sauye-sauyen sauti da suka auku a kalmomin firiji da firiza da kwamfiresa yayin shigarsu Hausa, sannan ka kawo wasu kalmomi biyar na kayan lantarki da suka bi irin wannan hanya, tare da jinsin kowace.

2. Wata mata tana zaune a unguwar da ake samun wuta sa'a 6 a rana, tana son fara sana'ar zoɓo. Rubuta mata wasiƙar shawara da ba ta wuce kalmomi 250 ba, kana mai kafa hujja da abin da yake cikin sashe na 8.3 da na 8.4.

3. Duba takardar da take jikin wani firiji a gidanku ko a makaranta, ka rubuta da Hausa dukkan bayanan da ka gani a kanta.

4. Tsara jadawalin darasi na minti 40 domin 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, inda za ka yi amfani da sashe na 8.2 a matsayin nassin auna fahimta.